Labarin Dorugu: Baƙo Ya Faɗa, Mai Masauki Ya Rubuta

A unguwarmu ta Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, ba a rasa baƙo. Wani neman karatu ya kawo shi, wani ciniki, wani aikin gwamnati ya jefo shi, wani kuwa rashin kwanciyar hankali a ƙauyensu ya koro shi da iyalinsa. Na daɗe ina lura da su, na kuwa ga abu guda ya haɗa su duka. Ran da mutum ya sauka ba ya tambayar tarihin ganuwa, ba ya tambayar wanda ya gina hasumiyar Gobarau. Abin da ya dame shi shi ne inda za a ɗebo ruwa, da masallacin da ya fi kusa, da kuɗin mudun gero, da yadda a ke gai da mai unguwa ba tare da an yi kuskure ba. Sai ya sami waɗannan, hankalinsa ya kwanta, sa'an nan ya ke ɗaga kai ya dubi gari.

To, da wannan ma'auni na ke auna littattafan tafiye-tafiye da a ke da su cikin Hausa. In na ɗauki ɗaya nakan tambayi kaina, shin in ɗana zai tafi wannan ƙasa ya zauna, akwai abin da zai ƙaru da shi a nan? Sau da yawa amsar ita ce babu, ko kuwa kaɗan. Akwai labari guda da ya fi sauran kusa da biyan wannan bukata, shi ne kuwa ya fi su tsufa, kuma shi ne mutanenmu suka fi jahilta. Labarin wani yaro ne Bahaushe, sunansa Dorugu, wanda ya sauka birnin Landan cikin shekara ta 1855.

Bari in fara gaya wa mai karatu ko wane ne shi, gama na san da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. An haifi Dorugu wajen shekara ta 1840 a wani ƙauye kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram, watau arewa da mu kaɗan. Yana ƙarami aka kama shi bawa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno a zamanin. A can wani Bajamushe matafiyi, Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a bakin tafkin Cadi cikin 1852, sai yaran nan biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Dokta Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da suna Abdulkarim. Tare da shi suka biyo ta Damagaram, suka shigo nan Katsina a farkon 1853, zamanin Sarki Muhammadu Bello, suka wuce Sakkwato da Gwandu har Tambutu. Daga baya suka komo Barno, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Faransa, har suka isa Landan cikin watan Satumba na 1855. Barth ya kai su ƙasarsu Jamus suka ga danginsa, sa'an nan ya shirya a mai da su gida. Amma wani limamin Kirista, shi ma Bajamushe, mai suna Schön, wanda ya daɗe yana ƙoƙarin rubuta Hausa, ya riƙe su a gidansa a garin Chatham, abin da bai yi wa Barth daɗi ba. A gidan nan ne, cikin 1856, Dorugu ya zauna yana ba da labarin rayuwarsa da Hausa, Schön yana rubutawa. Aka buga shi cikin wani littafi mai suna Magana Hausa a 1885, aka sake bugawa a 1906. Cikin 1971 wasu malamai biyu, Kirk-Greene da Paul Newman, suka fitar da fassararsa da Turanci tare da bayanai.

Abin da ya fara kama ni cikin labarin shi ne idon yaron. Akan ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, amma wannan gaskiya ce ta fuska ɗaya kawai. Baƙo ba ya ganin hanya, amma yana ganin abin da ɗan gari ya daina gani tun yana goye. Dubi wurin da Dorugu ya ke bayanin yadda manyan mutanen Ingila su ke cin abinci in an yi gayya. Ya bi abin daki-daki, tun daga yadda a ke shirya tebur da kayan ci, da yadda maza da mata su ke zama a cakuɗe, har zuwa yadda a ke kawo abinci iri bayan iri, ba a haɗa shi gaba ɗaya a akushi kamar namu. Bai yabe su ba, bai kuwa zage su ba. Ya dai tsaya gefe yana kallo, kamar yadda yaro ya ke kallon masu wasan da bai san dokarsa ba, yana ƙoƙarin gano dokar daga motsin 'yan wasa. Haka kuma da ya je Jamus, abin da ya tsaya masa a rai shi ne yawan shan tabar mutanen, har da yara. Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, me ya sa bai ba mu labarin sarauta da mulki ba? Ni kuwa na ce a nan ƙarfin labarin ya ke. Wanda zai kwana a gari, cokali ya fi damunsa bisa ga majalisa, domin sau uku zai gamu da cokali kowace rana, kuma a gaban mutane.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a yaba. Shekaru aru-aru Turawa suna zuwa ƙasashenmu suna rubuta yadda mu ke ci da yadda mu ke aure da yadda mu ke binne matattu, kamar mu ne abin mamaki, su kuwa su ne daidai. Shi kansa Barth littafi biyar ya cika da irin wannan, har da jerin sunayen unguwannin Katsina. Sai ga yaron da ke kiwon raƙumansa ya juya madubin, ya dubi mutanen Barth da irin idon da Barth ya dube mu, ya ga su ma suna da al'adun da sai an yi wa mutum bayani. Ban ce Dorugu ya yi haka da gangan ba. Yaro ne ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai, abin da ya gani ya ke faɗi. Amma ko da gangan ko ba da gangan ba, wanda ya karanta wurin nan ba zai sake ɗaukar al'adar wani a kan ita ce ma'aunin duniya ba.

Harshensa ma abin dubawa ne. Gajerun jimloli ne, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba da labari a dandali: muka tashi, muka tafi, muka sauka, muka kwana. Wani lokaci wannan yakan gajiyar da mutum, musamman a tsakiyar littafin, inda sunayen zango su ke bin juna ba abin da ya faru tsakaninsu sai ƙishirwa da gajiya. Amma inda abin ya taɓa shi, kamar wurin kama shi da raba shi da iyayensa, wannan sauƙin magana ya fi kowace irin ƙawa tasiri. Ba ya kuka a gabanka, ya dai gaya maka abin da ya faru ya wuce, kai mai karatu ka tsaya da nauyin abin. Sai dai in gargaɗi wanda zai nemi tsohon bugun: rubutun Schön ba irin namu ba ne. A zamaninsa ba a san haruffa masu ƙugiya ba, sai wajen shekarun 1930 aka tsai da su, saboda haka ba ya bambanta ƙ da k, ko ɗ da d. Kuma ya sa wasu alamu bisa haruffa da ba mu saba da su ba. Sai ka karanta da ƙarfi, kunnenka ya gyara abin da idonka ya kasa. In ka yi haka za ka ji Hausar arewa ce sosai, irin wadda mu mutanen Katsina ba za mu yi baƙunta da ita ba.

To, yanzu ga inda na ke da magana. Dorugu bai bar Ingila ba sai cikin 1864. Abbega ya riga shi komowa tun 1857, har daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Watau Dorugu ya yi shekara takwas da wani abu a ƙasar Turawa, mafi yawansu ba tare da wani mai jin harshensa na haihuwa ba, in ka ɗebe tsohon da ke tambayarsa kalmomi yana rubutawa. Amma labarin ya ƙare tun a shekarar farko. Abin da muka samu labarin isowa ne, labarin zama kuwa babu shi. Ba mu ji yadda ya yi da sanyin hunturu na biyu da na uku ba, sa'ad da abin ya daina zama abin mamaki ya zama wahala kawai. Ba mu ji ran da ya fara yin mafarki da Turanci ba, ko ran da ya nemi wata kalmar Hausa a bakinsa ya rasa. Ba mu ji ko ya yi aboki ba, ko yaran unguwa sun bi shi suna nuna shi da yatsa, ko akwai wata tsohuwa maƙwabciya da ta riƙa ajiye masa abinci. Mun sani daga wasu takardu an yi masa baftisma cikin 1857 aka sa masa suna James Henry, amma abin da ke cikin zuciyarsa game da wannan, da bakinsa, ba mu da shi. Duk wanda ya taɓa zama a garin da ba nasu ba ya sani watan farko ba shi ne baƙunci ba. Watan farko kallo ne. Baƙunci yana farawa ran da mutane suka daina yi maka sannu da zuwa, alhali kuwa ba su fara lissafa ka cikinsu ba.

Ko cikin ɗan abin da ya faɗa game da Ingila, akwai wani shiru da na ke ji. Wannan kuwa aikina ne ya koya mini shi. Ni akawu ne, kuma tun ina saurayi maƙwabta sukan zo zaure su ce in rubuta musu takarda, wani zuwa ga ɗansa a Ikko, wani zuwa ga hukuma. Na san abin da ke faruwa in mutum ɗaya yana faɗi wani yana rubutawa. Mai faɗi yana duban fuskar mai rubutu, in ya ga alƙalami ya tsaya sai ya sake magana. Mai rubutu kuma yana gyarawa, ya ɗebe abin da ya ga bai dace ba, ya sa abin da ya saba sawa. Wata rana wata tsohuwa ta zo in rubuta wa ɗanta da ya shekara huɗu bai aiko ba. Ta fara da faɗa mai zafi, har da cewa ta yafe shi. Da na karanta mata abin da na rubuta, sai ta ji gaisuwa ce da addu'a da 'yar tunatarwa a ƙarshe. Ta yi shiru, ta ce, "To, Malam, haka ma ya yi." Ban san ko na kyauta mata ko na cuce ta ba, har yau ina tunanin abin. Ita kuwa ba a gidana ta ke ci ba. Yaya ke nan ga yaron da mai rubutun shi ne mai ba shi abinci da tufa da wurin kwana, a ƙasar da ba shi da kowa? Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Ba na tuhumar Schön da ƙarya, bisa ga dukkan alamu mutum ne mai ƙoƙarin rubuta abin da ya ji, domin Hausar ya ke nema, kuma ba don shi ba da ba mu da ko kalma ɗaya ta Dorugu. Amma abin da ya ke so shi ne kalmomi da jimloli na cika ƙamus da nahawu, ga shi kuwa ya fitar da nahawunsa a 1862, ƙamus a 1876. Da ya sami abin da ya ishe shi, labari ya tsaya. Ba wanda ya ce wa yaron, to, yanzu gaya mini yadda ka ke ji da mu.

Kada mai karatu ya zaci wannan aibin na Dorugu ne shi kaɗai. In ka duba littattafan da suka biyo baya za ka ga ramin nan yana nan, sai dai dalilin ya sake. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta nan kafin ya tafi Zariya, ya je Ingila cikin 1943 tare da wasu editocin jaridu na Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin Hitila. Da ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Wajen iya sarrafa Hausa ba a haɗa shi da Dorugu, kuma shi da hannunsa ya rubuta, ba wanda ya tsaya tsakaninsa da takarda. Amma shi baƙon hukuma ne. An tarye shi, an sauke shi, an tsara masa inda za shi kowace rana, an kai shi irin wuraren da akan kai manyan baƙi. Haka Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Allah ya ji ƙansa, wanda ya fara zuwa Ingila a 1921 ya kuma sake komawa ba sau ɗaya ba. Wani malamin tarihi, Moses Ochonu, ya yi littafi a kan irin waɗannan tafiye-tafiye na sarakunanmu cikin 2022. Baƙon da aka yi wa shimfiɗa yana ganin zauren gida ne, ba ya ganin madafa. Ba shi ne zai gaya maka yadda a ke neman ɗakin haya ba, ko yadda mutum ya ke ji in ya yi sallama a bakin ƙofa ba a amsa ba, don ba al'adarsu ba ce.

Ko littafin ƙage bai tsira ba. Cikin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, an sace yaro an kai shi ƙasar Larabawa, a hannun wani Balarabe wanda shi ma, abin mamaki, sunansa Abdulkarim. Yaron ya girma a can ya yi karatu ya zama malami. Marubucin ya ba wahalar hanya da wahalar uwar yaron haƙƙinsu, har mutum ya yi ƙwalla. Amma shekarun da Umar ya yi yana zama ɗan gari a wata ƙasa, an wuce su da sauri, kamar ba abin faɗi cikinsu. Ga alama marubutanmu sun ɗauka tafiya ita ce labari, zama kuwa ba labari ba ne.

Abin ya fi ba ni mamaki in na tuna irin mutanen da mu ke. Wace ƙabila ce a Afirka ta Yamma ta fi Hausawa sanin zaman baƙunci? Ga zangon Kumasi da na Ankara, ga Sabo ta Badun, ga zuriyar alhazan da suka tsaya a Sudan kan hanyar Makka suka kafa garuruwa, irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Mun ƙirƙiro sarautar Sarkin Zango, muna da tsarin mai gida da fatoma, wanda zai sauke ka, ya tsaya maka a ciniki, ya yi maka tafinta. Nan cikin birni ma, masana suna danganta Gambarawa da Wangarawan da suka zo daga yamma, Albaba kuwa da Larabawan arewa, ga Masanawa ta Wali Ɗan Masani, wanda asalinsa Barno ne. Kakannin rabin mutanen gari sun taɓa tsayawa a bakin ƙofa suna tambayar inda rijiya ta ke. Duk wannan ilmi yana nan a bakin mutane, ana ba da shi a zaure bayan sallar lisha, yana mutuwa tare da masu shi. Ku da kuka fita ajin yaƙi da jahilci, da yawanku kun yi cin rani a Kurmi, wasu sun shekara goma a Makka ko Jidda. Kuna da abin da Dorugu bai samu ba sa'ad da ya ke ba da labarinsa, watau alƙalami a hannunku, ba mai masauki tsakaninku da takarda. In ɗayanku ya zauna ya rubuta abin da ya ci ran da ya sauka, da wanda ya fara ba shi bashi, da kalmar farko da ya koya ta harshen garin da dalilin da ya sa ita ce ta farko, ni zan sayi littafin kafin in sayi na wanda aka zaga da shi cikin mota.

Duk da haka ba na so a ajiye labarin Dorugu don abin da ya rasa. Ya kamata a ce yana hannun kowane mai karatun Hausa, cikin rubutun da muka saba da shi, a kan kuɗin da talaka zai iya biya. Abin kunya ne a ce ya fi sauƙin samuwa da Turanci bisa ga harshen da aka faɗe shi. Yana cikin tsofaffin labaran zube na Hausa da aka rubuta da boko, ya girmi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da kusan shekara tamanin, kuma muryar bawa ce, irin muryar da tarihin sarakuna ba ya ɗauka.

Da Dorugu ya komo cikin 1864 ya yi aikin tafinta ga Turawan da ke zirga-zirga a Kwara da Binuwai. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna Kano, a Nasarawa, yana taimakon Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, a makarantar da ya buɗe cikin 1909, makarantar da Malam Bello Kagara mai Ganɗoki ya yi karatu. Tsoho ne a lokacin, yana koya wa yara haruffan boko. Ya komo ƙasar Hausa bayan ya bar ta tun yana ƙarami, da wani addini, da wani suna, da harshen Turawa a bakinsa, watau ya sake zama baƙo karo na uku, wannan karon a cikin masu harshensa. Ya rasu a can cikin 1912. An ce da aka buɗe kayansa aka tarar da tufafin Turai a ninke, da tabarau masu yawa.